Sana'ar zomon gida a Tumfure: abin da nake faɗa wa mai saye

Kiwon zomo nake yi a bayan gidanmu da ke Tumfure, cikin garin Gombe. Da farko don nama nake kiwon, irin New Zealand White farare masu jan ido da Chinchilla masu ruwan toka. A hankali kasuwa ta juya. Yanzu mafi yawan masu zuwa wurina iyaye ne da 'ya'yansu suka matsa wa lamba, da ɗalibai, da matan aure masu neman abin da zai ɗebe musu kewa. Ba yankawa za su yi ba, a cikin gida za su ajiye, wasu ma har falo. Ina sayar da zomo, ina haɗa keji, ina ɗaura dammunan busasshiyar ciyawa da harawa, amma abin da ya fi cin lokacina shi ne bayani da amsa waya.

Koken kuwa bai cika wuce biyu ba. Wata ta ce, "Malam, zomon nan ya shige ƙarƙashin kujera ya ƙi fitowa." Wani ya ce, "Ya cika mana ɗaki da kashi."

Ga mai koken farko ina cewa, Hajiya, ki ƙyale shi, tsoro yake ji. Zomo dabba ce da ake farauta, kuma hannun da ya sauko masa daga sama bai da maraba da shaho a wurinsa. Mai son ya saba da shi sai ya zauna a ƙasa ya yi shiru, ya bari zomon ya zo da kansa ya shinshine shi. In ya buga ƙafar baya da ƙarfi, wani abu ne ya firgita shi. In yana goga haɓarsa a ƙafar tebur, ƙanshinsa yake sawa don ya nuna wurin nasa ne. Ranar da kuka ga ya yi tsalle ya murɗa jiki a sama, ko ya zube a gefe ya miƙe ƙafafu, to hankalinsa ya kwanta. Da asuba da kuma bayan la'asar zuwa magariba yake kazar-kazar. Da rana hutawa yake yi, ba ciwo ba ne. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne ɗaga zomo ta kunne, ko da kuwa haka aka saba gani a kasuwa. In za a ɗaga shi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, a manna shi a jiki. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, in ya yi fizga a sama yana iya karyewa.

Maganar kashi da fitsari ita ce na fi daɗewa a kai, domin ita ke sa a dawo mini da dabba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne zomo da kansa yake zaɓen lungun da zai riƙa fitsari, kuma yana komawa can saboda warin da ya bari. Aikin mai gida shi ne ya lura da lungun, ya kai masa tiren kashi da fitsari wurin. In ka zaɓa masa wani gefe don ya fi maka kyan gani, wahala kawai za ka sha.

Shi ya sa nake hana sakin sabon zomo a gida gaba ɗaya. A fara da keji da ɗan fili a gabansa, a kan siminti ko tayil, ba kafet. Tiren roba nake bayarwa mai faɗin da zomo zai iya juyawa a ciki, a shimfiɗa tsohuwar jarida, a zuba busasshiyar ciyawa a gefe guda. Ciyawar nan ita ce sirrin, saboda zomo yana son ci yana kashi a lokaci ɗaya. In ya yi fitsari a waje, a dangwale da takarda a jefa cikin tiren, a tsince kashin a zuba a ciki, sannan a goge wurin da ruwan khal, wato binega, da aka sirka da ruwa. Khal na kashe warin, yana kuma narkar da farin daskararren abin da fitsarin ke bari. Kada a wanke tiren ƙal a kwanakin farko, a bar ɗan wari ya riƙa kiransa. Sai ya riƙe wurin sannan a ƙara masa fili kaɗan-kaɗan. Duka ko tsawa ba sa koya masa komai sai gudun mutane.

Ba na ba da shawarar yashin kanti mai dunƙulewa da ake zuba wa kyanwa ta yi kashi a ciki, domin in zomo ya haɗiya yana toshe masa hanji, shi kuma ba ya iya amai. Garin katako na wurin kafinta ma ina gudunsa saboda ƙura, ga shi ba ka san itacen da aka yanka ba.

Ina faɗa wa kowa gaskiya tun kafin ya biya: lafiyayyen zomo yana kashi ɗari biyu zuwa uku a rana, ba yadda za a yi duka su faɗa cikin tire. Busassu ne, tsintsiya ta wadatar. Akwai kuma wani kashi mai laushi da yake ci kai tsaye daga jikinsa. Yara kan yi ƙyama in sun gani, amma abinci ne a gare shi, kada a hana. Fitsarinsa na iya fitowa fari-fari ko ja-ja gwargwadon abin da ya ci. Dattawa kan tambaye ni batun tsarki. A mazhabar Malikiyya fitsarin dabbar da aka halatta cin namanta ba najasa ba ne, zomo kuma halal ne, amma duk da haka a naɗe darduma a ɗaga, domin zai gaigaye ta. Haka wayar caja da ta firji. Haƙoransa ba sa daina tsiro, dole ya sami abin tauna.

Daga wata huɗu zuwa shida sai waya ta sake kaɗawa: zomon da ya koyi tire ya koma watsa fitsari a bango. Balaga ce. Namiji ya fi yi, kuma dandaƙa a hannun likitan dabbobi tana rage abin sosai. Wanda ya haɗa mace da namiji kuma ya shirya, cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka.

A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40, ina rage sayarwa. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwa yake fitar da zafi, kuma da zarar an haura maki 30 ya fara galabaita. Wanda zai saya a lokacin sai na ji inda zai ajiye shi: akwai inuwa, iska na ratsawa, ko ƙarƙashin kwano ne? Ina sa a jingina masa gorar ruwan sanyi, a jiƙa masa kunne, amma ban da wanka. Ba na kuma raba ɗa da uwarsa kafin mako takwas, ko nawa aka taya.

Abu ɗaya nake roƙon kowa ya kira ni a kai ko da tsakar dare ne: in zomo ya yi awa goma sha biyu bai ci ba, tiren kuma babu sabon kashi. Hanjinsa ne ya tsaya, kuma wannan ba ya jiran gobe. A nan ba ni da magani, asibitin dabbobi nake tura mutum nan take.