Ɗakunan da aka kawo mana a tirela

Na daɗe ina aikin gini da bulo da siminti kafin a ba ni kula da wani ƙaramin asibiti mai ɗakuna shida, waɗanda aka ƙera a masana'anta da ƙarfe da allunan bango, aka sa musu ƙofofi da tagogi da wayar lantarki tun a can, sannan aka ɗoro su a tirela. Namu aikin shi ne mu zuba harsashi, mu sauke su, mu haɗa.

Dabarar ba ta yau ba ce, ko da yake a lokacin sabuwa ce a idona. Tun a 1855, lokacin yaƙin Kirimiya, injiniya Isambard Kingdom Brunel ya tsara asibitin katako da aka ƙera a Ingila, aka kai shi Renkioi a ƙasar Turkiyya ta jirgin ruwa. Kamfanin Sears na Amurka kuma ya yi ta sayar da gidaje gunduwa-gunduwa daga 1908 zuwa 1940, mai saye ya haɗa abinsa. Daga baya ne aka kai ga ƙera ɗaki sukutum, irin waɗanda aka jera a birnin Wuhan na ƙasar Sin a 2020 aka tsayar da asibitin Huoshenshan mai gado 1,000 cikin kwana goma ko kusa da haka. Wannan saurin shi ne ya ruɗe ni, har na ɗauka aikin ba zai ba ni wahala ba.

Harsashi ne ya fara kunyata ni. Mu da muka tashi a hannun birkiloli mun saba da cewa in bango ya ɗan karkace, filasta za ta rufa asiri, amma ɗakin ƙarfe ba ya jin wannan magana. Ɗaya daga cikin ginshiƙan kankaren da muka zuba ya gaza sauran da kamar santimita uku, ana ɗora ɗaki na huɗu sai ya murɗe, ƙofarsa ta ƙi rufuwa, ramukan noti suka ƙi haɗuwa da na maƙwabcinsa. Ga injin ɗaga kaya na haya yana tsaye, kuɗinsa na tafiya, mu kuwa muna neman mai walda ya yanko faranta na ƙarfe a cusa a ƙasa. Yini guda muka ɓata a kan abin da igiya da awo na tsanaki za su hana tun farko.

Da damina ta faɗi, ba ta tsakiyar rufin ruwa ya shigo ba, ta mahaɗar ɗaki da ɗaki ya biyo. Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa injiniyoyi ke yawan ambaton benen Ronan Point na Landan, wanda wani ɓangarensa ya rufta a 1968 bayan iskar gas ta fashe, saboda raunin mahaɗar allunan kankarensa. Namu yoyo ne kawai, amma tushen matsalar ɗaya ne. Zafin bazara ma ya tilasta mana ɗora rufin kwano na biyu, muka bar tazara don iska ta ratsa.

A aiki na biyu, kafin a yanki ƙarfe ko ɗaya a masana'anta, sai da na bi hanyar da tirela za ta bi da ƙafa, na auna faɗin kwalbati da tsayin wayoyin lantarkin da suka gitta titi, na kuma sa aka auna kowane ginshiƙi sau biyu kafin kankare ya bushe.