Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Da Hannuna Ya Fara Karkarwa

Assalamu alaikum masu karatu. A makon jiya mun tsaya inda aka sallamo ni daga asibiti bayan an yi min dashen ƙodar ƙanena, 'yan barka suna ta shigowa.

Magunguna uku aka ɗora ni a kansu: tacrolimus safe da dare, awa 12 tsakani, sai mycophenolate da prednisolone. Aikinsu danne garkuwar jiki don kada ta far wa sabuwar ƙodar. Ana cikin haka gudawa ta kama ni, sannan hannuna ya fara karkarwa, har ban iya kai kofin shayi baki ba tare da ya zube ba. Inna ta duba ta ce, “Wannan sanyi ne, bari in sa a jiƙa miki sassaƙe.” Ƙanena ya ce, “Yaya, don Allah kada ki sha komai sai likita ya gani.” Allah Ya yi masa albarka.

Likita ya ce in zo da sassafe kafin in sha na safe, domin a lokacin ake ɗibar jini a ga ragowar tacrolimus ɗin da ke jiki. Sakamako ya nuna ya yi yawa, aikin ƙodar ma ya ɗan ja baya. Ya ce, “Hajiya, maganin da ke tsare ƙodar nan, idan ya wuce kima, shi ke cutar da ita.” Ya bayyana min cewa mycophenolate na iya kawo gudawa, gudawa kuma na ɗaga tacrolimus a jini. Aka rage min adadi, karkarwar ta lafa.

Mai harhaɗa magungunan asibitin ta zaunar da ni ta cike fom ɗin NAFDAC na rahoton illar magani, ta tambaye ni ranar da abin ya fara da duk abin da na haɗiya. Ta hana ni diclofenac da ibuprofen, waɗanda muke saye a kemis kamar alewa, ta kuma ce ko maganin tarin fuka ko fluconazole (maganin cutar naman gwari, wato fungus) aka rubuta min, in faɗa ina shan tacrolimus. Har yau ina tausayin masu dawowa daga Indiya bayan dashen ƙoda ba su sami mai zaunar da su haka ba.

Sai kuma awon gaba ya nuna sukarina ya hau, ga azumi ya gabato. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.