Jinyar miji ko mata mai ciwon laka, da maganar dashen ƙwayoyin tushe

Duk gidan da ciwon laka ya shiga, ba a daɗewa wani zai turo bidiyon wani asibiti da ke tayar da shanyayyu da allurar ƙwayoyin tushe, wato abin da likitoci ke kira sitem sel, ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyi. Maganar tana da asali a kimiyya, kuma zan zo kanta. Amma abin da ya fi kayar da masu ciwon laka shi ne gyambo da ƙoda da huhu, kuma duk suna hannun mai kula da su a gida, wanda galibi miji ne ko mata.

Da farko a san ainihin abin da ya taɓa lakar. Hatsari daban, tarin fuka na ƙashin baya daban, haka ƙari ko kumburin laka ko ƙarancin sinadarin B12. Wasu suna da magani sananne, jinkiri ne ke mayar da su na dindindin. A kuma tambayi likita a wane gurbi abin ya faru, a wuya ne ko a ƙirji ko a tsatso, sannan ko lakar ta daina aiki gaba ɗaya ko da sauran ji. Likitoci na auna wannan da harufa daga A zuwa E, A shi ne mafi tsanani. Yawancin sauƙin da jiki ke samu da kansa yana zuwa ne cikin wata 6 zuwa 12 na farko.

Gyambon kwanciya na iya farawa cikin 'yan awoyi. Nauyin jiki ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu tun daga ciki, shi kuwa mara lafiyar ba ya jin zafin da zai sa ya gyara kwanciya. Don haka a juya shi duk bayan awa 2, har da dare. Idan za a kwantar da shi a gefe, kada a ɗora shi sak a kan ƙashin kwatangwalo, a kishingiɗar da shi kamar digiri 30 da filo a baya da wani tsakanin gwiwoyi. Diddige kuma ya zama a sama, filon yana ƙarƙashin ƙauri. A kan keke, duk minti 15 zuwa 30 ya sunkuya gaba ko gefe na kamar minti 2. Safe da yamma a duba fatar ƙasan baya da mazaunai da kwatangwalo da diddige. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi tauri ko ɗumi. In an ga haka, a ɗauke nauyi daga wurin har ya koma daidai. Kada a murza shi, kada kuma a sa matashin nan mai rami a tsakiya, domin da'irarsa tana ƙara tare jini.

Sai mafitsara. Idan fitsari ya taru ya yi yawa, yakan koma sama ya lalata ƙoda ba tare da an ankara ba. Ga wanda ya dace da ita, hanyar da aka fi so ita ce a sa robar fitsari a zubar a cire, duk awa 4 zuwa 6, kada abin da ke fita a lokaci guda ya wuce mililita 500. In yana wucewa, a matso da lokacin ko a daidaita shan ruwa, wanda kusan lita 2 ne a yini. Mai roba ta zaune kuwa, jakar ta kasance ƙasa da mafitsara kullum, bututun kada ya lanƙwashe. Wari ko gurɓacewar fitsari kaɗai ba dalilin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Sai an ga zazzaɓi ko ƙaruwar fizgar ƙafafu ko kasala, sannan a gwada fitsarin kafin a fara. Shan su barkatai ne ke haifar da cutar da ba ta jin magani.

Bahaya ana koya wa hanji lokaci ne: sa'a guda tsayayya, kullum ko bayan kwana ɗaya, minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci, da maganin cusawa idan likita ya ba da shi.

Akwai wani abu da ya wajaba duk wanda ciwon matarsa ko mijinta ya kama daga ƙashin ƙirji na 6 zuwa sama ya haddace. Wani abu yakan dami jiki a ƙasan inda ciwon yake, mafi yawa cikar mafitsara ko toshewar roba, sai jini ya hau nan take. Alamunsa ciwon kai mai sara, gumi da jan fuska, toshewar hanci, wani lokaci bugun zuciya ya ragu. Masu irin wannan ciwo awon jininsu na sama kan tsaya tsakanin 90 da 110, saboda haka ƙarin 20 zuwa 40 a kai hatsari ne ko da lambar ta yi kama da ta lafiyayye. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi, a sauke ƙafafu, a sassauta tufafi, a duba roba da mafitsara, sannan bahaya, ana awon jini duk minti 2 zuwa 5. Idan ya kai 150 bai sauka ba, asibiti nan take, don yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Haka maganin sanƙarewa baclofen, ba a yanke shi rana ɗaya, yana iya kawo farfaɗiya.

Shi auren ma yana bukatar jinya. Idan da hali, wani ya riƙa ɗaukar aikin bahaya ko juyin dare wasu ranaku, don kada mutum ya wayi gari ba ya ganin komai a jikin abokin zamansa sai aiki. Kusantar aure ba ta ƙare ba. Mace takan daina al'ada na wasu watanni sannan ta dawo, kuma tana iya ɗaukar ciki. Namiji akwai magunguna da dabarun samun haihuwa, amma sai an cire kunya an tambaya.

To, ƙwayoyin tushe. Lakar da ta ji rauni ba ta gyaruwa da kanta sosai saboda tabo yana tare wurin, kuma akwai sinadaran da ke hana jijiya tsirowa. Fatan masu bincike shi ne ƙwayoyin su maye gurbin waɗanda suka mutu, ko su mayar wa jijiyoyi rigarsu, ko su rage kumburi. A 2010 kamfanin Geron a Amurka ya fara gwaji na farko a jikin mutane da ƙwayoyin da aka samo daga ɗan tayi, ya dakatar a 2011 saboda kuɗi. A ƙarshen 2018 Japan ta ba maganin Stemirac izini na sharaɗi bayan gwaji a kan mutum 13 kacal, ba tare da rukunin da za a kwatanta da su ba, kuma masana da dama sun soki hakan. Asibitin Mayo na Amurka ya wallafa a 2024 cewa 7 cikin mutum 10 da aka yi wa allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu sun matsa gaba da aƙalla harafi ɗaya a ma'aunin nan na A zuwa E. Jami'ar Keio ta Tokyo ta yi wa mutum 4 dashe cikin makonnin farko bayan rauni, ta sanar a 2025 cewa 2 sun samu sauƙi, ɗaya har yana iya tsayuwa.

Labarai ne masu daɗi, amma ku lura da ƙanƙantar adadin. Irin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne musamman don a ga ko abin ba ya cutarwa. Kuma wanda aka yi wa dashe da wuri yana cikin lokacin da jiki ke farfaɗowa da kansa, don haka da wuya a ce ga abin da ya kawo sauƙin. A ganina, asibitin da ke sayar da wannan allura yau a matsayin waraka ya riga kimiyya isa inda ba ta kai ba. Cutarwa kuma ta faru. A 2014 likitoci sun ba da rahoton wata mata da aka dasa wa naman cikin hanci a laka, bayan shekara 8 aka ciro mata ƙari mai fitar da majina a wurin. A 2016 an ba da rahoton wani mutum da ƙari ya tsiro masa a laka bayan allurai a asibitocin kuɗi na ƙasashe uku. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Gwajin gaskiya yana da sharuɗɗan shiga, kuma buɗaɗɗen gyambo ko cuta a jiki na cikin abubuwan da kan hana mutum shiga. Gaɓoɓin da suka ƙage ma ba za su amfana da jijiyar da ta dawo ba, shi ya sa ake lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta kullum yadda likitan gashin ƙashi ya nuna.

Kafin ku sa hannu ko ku biya ko sisi, ku nemi amsa a rubuce: wane irin ƙwayoyi ne, daga ina aka samo su, ta ina za a zuba su, wace hukumar magunguna ta amince, ina aka wallafa sakamakon, wa zai ɗauki nauyi idan matsala ta taso bayan an koma gida. Ganin sunan asibiti a shafin ClinicalTrials.gov, inda ake jera gwaje-gwajen magani, rajista ce kawai, ba shaidar amincewa ba. Gwajin gaskiya galibi ba ya cajin kuɗin maganin, kuma wurin da ke cewa allura ɗaya tana maganin laka da ciwon suga da tsufa, a bar shi. Amsoshin da kuka samu ku kai wa likitan da ke duba lakar tun farko ya karanta.