Wa ya ɗauki hoton Shehu?

Duk wanda ya daɗe a Facebook ya taɓa cin karo da hoton wani dattijo mai rawani da ake cewa wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Jama'a na ta sa albarka suna turawa gaba. To, Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, ita kuwa fasahar ɗaukar hoto sai a 1839 aka fito da ita fili a Faransa. Ko dai zane ne da wani ya ƙaga, ko kuma wani bawan Allah ne aka liƙa wa sunan.

Ni tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma yara sun fi gaskata hoto a kan bakin malaminsu. Shi ya sa kafin hoto ya shiga darasina sai na ɗora shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto, na ga shafukan da ya fito, sannan na kai shi TinEye, wani shafin binciken asalin hoto, na jera sakamakon daga mafi daɗewa. A kula, ranar da TinEye ke nunawa ranar da ya tsinci hoton a intanet ce, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Amma sau da yawa tana kai mutum ga asalin bayanin tun kafin a sauya shi.

Cikin hotunan da nake sawa a darasi, wanda na fi so shi ne na birnin Kano daga saman Dutsen Dala. Zane ne. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ke kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya zana abin da idonsa ya gani, wani mai zane Martin Bernatz ya ƙawata shi, aka buga a littafin tafiye-tafiyensa a 1857. Haka nake rubutawa a ƙasan hoton, layi ɗaya, an gama.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na ga an rubuta "Hoto: Google", har a aikin ɗaliban jami'a. Google ɗan jagora ne kawai, ba shi ya ɗauki hoton ba. A Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, kowane hoto na da shafinsa mai sunan mai shi da lasisinsa. In ka ga lasisin CC BY-SA, ɗauka kyauta ne, amma dole ka ambaci mai hoton da lasisin, in ka yi masa gyara kuma ka sake shi da irin wannan lasisi.

Maganganun da ake jingina wa Sardauna kuwa, jimlar nake sawa tsakanin alamomin zance na bincika. In Facebook kaɗai ta fito, ba jarida ba littafi, ba ta shiga ajina.