Gurbin Likitancin da Na Bari

Saura wata uku a fara karatu lokacin da na nemi izinin yin aikin sa kai a wani babban asibiti. Na riga na sami gurbin karatun likitanci, an yi mini barka, mahaifina ma ya fara kirana likita tun ban taka aji ba, kuma ban je asibitin da niyyar sauya ra'ayi ba. Abin da ya kai ni shi ne tambayar da wata malamarmu ta taɓa yi mini, ko na san yadda yinin likita yake kasancewa daga safe zuwa dare. Na buɗe baki zan amsa, sai na tarar ba ni da abin faɗa in ban da farar riga da abin sauraron ƙirji. Aka ajiye ni a ɗakin da ake kwantar da masu shanyewar ɓarin jiki, aikina kuwa bai wuce tura keken marasa lafiya, kai takardu ɗakin gwaje-gwaje, da zama kusa da wanda mai jinyarsa ya fita ba. Mako shida na yi a wurin.

A kwanana na huɗu aka kawo wani dattijo da sanyin safiya, bakinsa ya karkace, hannunsa da ƙafarsa na dama sun saki, yana ƙoƙarin magana kalmomin suna maƙalewa. Likitar da ke bakin aiki ba ta fara da komai ba sai tambayar lokaci: yaushe aka gan shi lafiya ƙalau na ƙarshe? Ɗansa ya ce da asuba, matarsa ta ce tun da daddare ta ji maganarsa ta yi nauyi. A lokacin na yi mamakin yadda ta nace a kan wannan tambaya, sai daga baya na fahimci cewa rayuwar mutumin tana rataye da amsar. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. A mafi yawan lokuta gudan jini ne yake toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, a wasu kuma jijiyar ce take fashewa jini ya zuba, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne yake raba gardama tsakaninsu. Idan toshewa ce, akwai maganin da yake narkar da gudan, amma a bisa ƙa'ida ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon, domin bayan haka haɗarin ya jawo zubar jini yana iya rinjayar amfaninsa. Hoton ya nuna toshewa, lokacin kuwa ya ƙi tabbata. Likitar ta tsaya shiru na ɗan lokaci da takardar a hannunta, sannan ta yanke cewa ba za a ba da maganin ba, ta zauna ta yi wa iyalin bayani dalla-dalla, ta sa hannu.

Da rana na same ta a baranda na tambaye ta ko ta tabbata ta yi daidai. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, idan kin shigo wannan aikin, sau da yawa da rabin bayani za ki yanke hukunci, kuma ke za ki kwana da shi." Ba ta faɗi haka da nufin tsorata ni ba, kuma na ga alama tana son aikinta ƙwarai. Amma a ranar na fara gane ainihin abin da ake horar da likita ya yi, wato ya gano ciwo cikin ruɗani, ya zaɓi hanya, ya ɗauki nauyin zaɓin a wuyansa.

Bayan wannan safiya, dattijon yana ganin likita ne na 'yan mintoci a lokacin zagayen duba marasa lafiya, kuma babu sakaci a cikin hakan, domin gadaje da yawa suna jiranta, ga waɗanda ake kawowa cikin gaggawa. Sauran sa'o'in yininsa a hannun wasu suke. Ma'aikatan jinya suna juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta lura yana ƙwarewa idan ya kurɓi ruwa, ta hana a ba shi komai ta baki har sai an gwada haɗiyarsa, saboda abin da ya kauce ya shiga huhu yana iya zama ciwon da zai kashe mutum kafin shanyewar ta kashe shi. Masanin magunguna ya bi jerin abin da aka rubuta masa ya dawo da tambaya a kan biyu da ba sa jituwa. Can a ɗakin gwaje-gwaje akwai mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma da sakamakonsu ake daidaita maganinsa. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta ma'aikatan jinya da ungozomomi a matsayin kusan rabin ma'aikatan lafiya na duniya, ban kuwa yi mamaki ba, domin na riga na gani da idona.

Mai aikin gashi, wato ma'aikaciyar da ke motsa jikin mara lafiya don gaɓoɓinsa su koma aiki, ta zo a kwana na biyu da kwantar da shi. Abin da ta fara yi shi ne ta sa matashi ƙarƙashin hannun da ya saki, ta kira ɗansa ta nuna masa cewa kada a taɓa jan mahaifinsa ta wannan hannu idan za a tashe shi, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya yi laushi, gaɓar tana iya gocewa ta bar shi da ciwon da zai daɗe yana fama da shi. Sannan ta durƙusa a gaban gadon, ta sauko da ƙafafunsa ƙasa, ta tallafe shi ya zauna a bakin katifa. Ya karkata dama kamar zai zube, ta tare shi da kafaɗarta, ta ce, "Baba, dubi ƙofar can, kada ka dubi ƙasa." Ya yi zaman da bai kai minti ɗaya ba, gumi ya jiƙa masa goshi. Ta ce ya isa na yau. Washegari suka sake, jibi ma haka, kullum ana ƙara kaɗan. Ta bayyana mini cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa, amma na kusa da shi suna iya koyon aikin da ya bari idan aka yi ta maimaita motsin, kuma mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a wata uku zuwa shida na farko. Saboda haka kowace safiya da aka bari ta wuce asara ce. Ban ankara ba sai na ga ina tsara sauran ayyukana yadda wannan rabin awa ba za ta wuce ni ba, kuma idan na koma gida abin da nake juyawa a raina shi ne ko gobe zai iya miƙewa.

A nan ne na zauna na yi lissafin shekaru, abin da ya kamata in yi tun kafin in cika takardar neman gurbi. A ƙasashe da yawa karatun likitanci shekara biyar ne ko shida bayan sakandare, sai horon aiki na shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin manya, sannan wanda yake son ƙwarewa a wani fanni ya sake ɗaukar wasu shekarun da jarrabawowinsu. A Amurka sai mutum ya gama digiri na farko kafin ya yi shekara huɗu a makarantar likitanci, horon ƙwarewa kuma ya ci shekara uku zuwa bakwai, tiyatar ƙwaƙwalwa tana cikin mafiya tsawo. Karatun gashi, jinya ko gwaje-gwaje yawanci yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar, gwargwadon ƙasa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga wanda iyalinsa suke jiran ya fara tallafa musu, kuma ban ga laifin wanda ya sa shi a ma'auni ba. Sai dai a ganina gajartar karatu kaɗai ba ta isa hujja ba, domin shekara uku da mutum ya rage a makaranta ba za ta biya shi shekara talatin da zai yi a aikin da ransa ba ya so ba.

Abu mafi wuya shi ne gaya wa mahaifina cewa zan bar likitanci in koma karatun gashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, gurbin da dubbai suke nema su rasa za ki bari, ki koma matsa wa mutane jiki?" Na riga na san haka mutane da yawa suke kallon aikin, shi ya sa na je da abin da na karanta. Na gaya masa cewa tun a 1894 wasu ma'aikatan jinya huɗu suka kafa ƙungiyar wannan sana'a a Ingila, cewa ta bunƙasa ne da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Farko da raunuka da kuma yaran da shan inna ya nakasa, cewa a 1951 aka kafa ƙungiyarta ta duniya a Kofanhagan, babban birnin Denmark, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kimanin mutum biliyan 2.4 suna da lalurar da za ta amfana da irin wannan kulawa ta farfaɗo da jiki. Ya ce duk ya ji, amma tambayarsa ɗaya ce: shin son wancan aikin ne ya ja ni, ko tsoron wahalar wannan ne ya kore ni? Ya ce kada in amsa masa a ranar.

Har yau ina ganin babu wanda ya yi mini tambayar da ta fi wannan amfani. Na yi kusan mako biyu ina bibiyar zuciyata da ita. Karatu bai taɓa ba ni tsoro ba, kuma shekarun farko na ɓangarorin biyu ba su da nisa da juna, domin ɗalibin gashi ma sai ya san kowane ƙashi, kowace jijiya da kowane nama, inda ya faro da inda ya ƙare. Abin da na gano shi ne, lokacin da likitar nan take tsaye da takarda tana auna hukunci, girmamawa na ji, amma ban ji ina marmarin tsayawa a inda take ba. Lokacin da mai gashi ta durƙusa gaban gadon kuwa, hannuna har ƙaiƙayi yake yi in kama. Wata ƙawata da muka yi aikin sa kai tare ta fito da akasin haka. Ita idanunta suna haske ne idan ana muhawara a kan abin da ke damun mara lafiya, tana komawa gida ta buɗe littafi don ta gano dalilin da ya sa toshewa a hagun ƙwaƙwalwa take shanye ɓarin dama ta kuma taɓa magana. Ta ci gaba da likitanci, kuma da ta bari da ta cuci kanta da marasa lafiyar da take dubawa yanzu. Na koma na faɗa wa mahaifina amsata, ya yi shiru, sannan ya sa mini albarka.

Ba zan ɓoye abin da zaɓin ya ci mini ba. Albashin likita ya fi nawa a kusan ko'ina, haka ma girman da ake ba shi. Akwai ranakun da nake ganin alamar da ta dame ni a jikin mara lafiya, ƙafa ta kumbura ta yi zafi alal misali, wanda yana iya zama gudan jini a jijiya, kuma iyakar abin da zan yi shi ne in dakatar da motsa jiki in kira likita in jira hukuncinsa. Wanda ba zai iya jure wannan jira ba, wanda yake son kalmar ƙarshe ta zama tasa, gara ya nemi likitanci komai tsawon hanyar. Aikin kuma yana cin jiki, domin ɗaga manya da tallafe su yini guda yana taɓa baya. Abin da na fi jin takaicinsa shi ne ganin abokan karatu da suka shigo jinya ko gashi don kawai su ɓata lokaci kafin su sami gurbin likitanci. Wasunsu sun samu sun tafi, kuma na yi musu murna. Waɗanda ba su samu ba sun zauna da ɗaci a rai, mara lafiya kuwa yana jin wannan ɗacin a hannun da yake taɓa shi.

Idan ɗalibi ya zo yau yana neman shawarata, ba na tambayarsa makinsa. Ina ce masa ya nemi izini ya shiga asibiti, kuma maimakon ya bi ma'aikaci ɗaya yana zagayawa, ya zaɓi mara lafiya ɗaya ya zauna kusa da shi kwanaki, ya ga kowa da yake zuwa bakin gadon, abin da yake yi da tsawon lokacin da yake ɗauka, sannan ya lura da wane ne a cikinsu yake sa shi matsowa kusa.

A makona na ƙarshe aka kai dattijon sashen gashi a keke, ni ce ma na tura shi. Hannunsa na dama bai dawo ba, yatsun suna nan a dunƙule, maganarsa kuma kalma biyu ce ko uku a lokaci guda. Aka tsayar da shi tsakanin sanduna biyu na ƙarfe, aka ɗaura masa ɗamara mai faɗi a ƙugu, ya dafa sandar hagu da hannunsa mai lafiya. Mai gashin ta zauna a ƙaramar kujera a gabansa, ta tokare gwiwarsa ta dama da hannunta don kada ta lanƙwashe. Sai ta ɗago ta dube ni, ta nuna ɗamarar da haɓarta, ta ce, "Zo ki riƙe nan ta baya, kada ki ɗaga shi, ki bi shi kawai." Na riƙe. Ya ja ƙafar dama a ƙasa, ya ajiye ta, ya tsaya yana haki, sannan ya ɗaga ta hagu.