Tayar da tsohon Yamaha DT: a gama da inji kafin a nemi mai fenti

Babur ɗin DT da ya shekara goma jingine a zaure, gaggawar mai shi ce ta fi saurin kashe shi. A zuba fetur, a tura, ya tashi da ƙara da hayaƙi, kowa ya ce ai lafiyarsa ƙalau, bayan kwana biyu ya yi nokin a tsakiyar hanya. Fistin da silindar da suka tsira duk tsawon shekarun nan sai su tafi a tafiyar kilomita ashirin.

Yamaha ta fitar da DT-1 mai cc 250 a 1968, daga shi aka samu ƙannensa DT125 da DT175. Wajen 1978 suka koma shakazoba guda ɗaya doguwa da ke bi ta ƙarƙashin tanki, maimakon biyu a gefe. A yankinmu an san su a hannun malaman gona da ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka, shi ya sa har yanzu ake tsintar su a bayan gidaje da tsofaffin ofisoshi. Injinsu mai bugu biyu ne, wanda ke ƙona mai tare da fetur. Yawancin yaran kanikawa na yanzu kuwa a kan babura masu bugu huɗu irin su Boxer suka koyi aiki, kuma dokar wancan ba ta wannan ba ce.

A injin DT, fetur da iska sai sun fara shiga ɗakin kiranshaf, ƙarƙashin fistin, kafin su hau sama su ƙone. Dole ɗakin nan ya kasance a toshe ruf. Abin da ke toshe shi robobi biyu ne, oyil sil, ɗaya a kowane gefen kiranshaf, kuma roba ko ba a hawa babur tana bushewa ta tsage. Idan na hagu ne ya mutu, wato na ɓangaren magneto mai ba fulogi wuta, inji zai riƙa zuƙo iskar da ba ta bi ta kafireta ba. Fetur ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa. Alamarsa ita ce ka saki totur amma inji ya ci gaba da ihu, sai daga baya ya sauko. Bakanike da bai sani ba zai yi ta murɗa sukurun kafireta har yamma, ba zai daidaita ba. Idan na dama ne, na ɓangaren kuloci, man giya zai riƙa sha: farin hayaƙi mai kauri da wari daban, fulogi yana jiƙewa, man giya yana raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa. Na damar ɓarnarsa fulogi ce da hayaƙi. Na hagun shi ke cin fistin.

Don haka kada ka buga kik tukuna. Cire fulogi, zuba ƙaramin cokali ɗaya na man 2T, wato man inji mai bugu biyu, ta ramin, bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik da hannu a hankali, ka ji ko yana juyawa ba tare da kartar ƙarfe ba. Kwance salansa, haska tocila ta ƙofar hayaƙi, za ka ga gefen fistin da ringi. Layuka a tsaye masu zurfi, ko alminiyon da ya narke ya shafe kan ringi, sun nuna ya taɓa kamawa. Sai ka buɗe murfin magneto, ka kama filawil da hannu biyu ka girgiza sama da ƙasa. Ko ɗan motsi ka ji, boris ɗin kiranshaf sun tafi, kuma sai an raba inji biyu. Sil kuwa a canza duka biyun ba tare da jayayya ba, ko da sun yi kama da masu kyau. Filawil yana da abin cirewa nasa mai zaren hagu, M27 da tazarar zare 1.0. Wanda ya sa guduma da kurfi zai lanƙwasa bakin kiranshaf, kuma wannan asarar ta fi kuɗin abin cirewar nesa ba kusa ba.

Bayan an haɗa, akwai gwajin da ba kasafai ake yi ba alhali shi ne ke raba gardama. A toshe ƙofar kafireta da ta salansa da faifan ƙarfe da guntun tib, a hura iska kimanin psi 6, kada a wuce, a duba ko za ta tsaya na mintuna biyar. In tana sauka, a shafa ruwan sabulu a kan sil, da gasket ɗin gindin silinda, da robar da ke riƙe kafireta. Inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Robar kafiretan nan ma tana yawan tsagewa ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Faɗin silindar DT125 milimita 56 ne, na DT175 kuma 66, tafiyar fistin duka 50. In silinda ta karce, za a faɗaɗa ta zuwa fistin na gaba, ƙarin 0.25 ko 0.50. Sayi fistin tukuna, ka kai wa mai faɗaɗawa su biyun tare, ya auna a kansa. Tazarar da ake nema tsakaninsu wajen milimita 0.04 ce, ƙasa da kaurin gashi. Abin da masu wannan aiki kan manta, saboda sun saba da silindar da ba ta da ƙofofi a jiki, shi ne goge kaifin bakin ƙofofin bayan an gama. In aka bar su da kaifi, za su kama ringi su karya. Sa ringi shi kaɗai cikin silinda ka auna tsagarsa, ta kasance tsakanin 0.3 da 0.5. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa. Ƙananan zobban da ke riƙe fil ɗin fistin a sa sababbi, tsoho ba ya komawa.

Sai famfon da ke tura man 2T cikin inji da kansa, wanda Yamaha ke kira Autolube tun 1964. Da yawa sukan cire shi su koma haɗa mai da fetur a tanki, wai ba shi da amana. A ganina kuskure ne, musamman ga mai son babur ya zauna yadda ya fito daga kamfani. Famfon ba ya cika lalacewa. Abin da ke faruwa shi ne iska ta shiga tiyo, ko wayarsa ta saki, ko wani ya cika tankin man famfon da baƙin man mota. A wanke tankin, a sa sababbin tiyo, a zuba 2T mai alamar JASO FC ko FD. A kwance ƙaramin sukurun fitar da iska da ke jikin famfon, a bar mai ya zubo har kumfa ta ƙare. A daidaita waya har alamomin da ke jikinsa su haɗu, a kuma auna mafi ƙarancin bugunsa, milimita 0.20 zuwa 0.25. Tankin fetur na farko a ɗan haɗa masa mai, kashi 1 cikin 50, har a tabbatar man tankin famfo yana raguwa. Wanda ya dage sai ya cire, to ma'auninsa 32 da 1 ne, wato mililita 125 a lita 4, kuma ya ƙara girman jet, wato ƴar ƙofar da fetur ke bi a kafireta, kaɗan, domin man ya cinye wani ɓangare na hanyar fetur.

Kafiretan Mikuni ce, aikinta ba wuya. Ƙaramin jet na silo shi ke toshewa da dattin tsohon fetur, a jiƙa shi a hura, kada a zura masa allura. Tanki mai tsatsa a zuba masa notuna da kananzir a girgiza, a wanke har ruwa ya fito fes, a sa matatar fetur a tiyo. Soson tace iska tsoho yana marmashewa ya shige inji, a sa sabo, a jiƙa shi da mai a matse. Busasshen soso ba ya tare ƙurar hunturu, kuma ƙurar nan tana iya cinye sabon ringi kafin damina.

A ɓangaren wutar fulogi, masu kwantak tazararsa milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, kuma ya buɗe lokacin da ya rage wa fistin wajen milimita 1.8 ya kai ƙololuwa. Na baya-baya masu CDI, akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak, ba su da wannan wahalar. Fulogi NGK B8ES. Man giya wajen mililita 650 na 10W-30. Salansa ma a duba ta: baƙin da ya daskare a ciki yana shaƙe inji, ya yi ta ƙara babu gudu. A zaro bututun ciki a ƙona shi a kakkaɓe.

Kayan gyara na yau da kullum, sarƙa mai lamba 428, boris, sil, takalmin birki, ana neman su a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in sun gagara a aika Nnewi. Boris da sil lambarsu na rubuce a jiki, da ita za ka saya, ba da sunan babur ba. Masu wuya su ne murfin gefe, agogo, fitila, da salansa ta asali. Ko sun fashe kada a zubar, gyararren na asali ya fi sabon jabu daraja a wurin masu tara irin waɗannan babura. Tun kafin ka biya kuɗi ka duba lambar inji da ta firam a wuyan babur. A Yamaha na shekarun 1970 iri ɗaya suke zuwa, in sun bambanta an canza inji. Ka kuma karɓi takardu.

In ya tashi, bar shi ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, a sake ɗaure notunan kan silinda. Kilomita 500 na farko kada totur ya wuce rabi, kada kuma a riƙe shi a gudu ɗaya na dogon lokaci. Riƙa cire fulogi kana dubawa: kalar shayi da madara ake so. Fari fat yana nufin fetur bai isa ba ko iska na shiga, a tsaya a nemo dalili.

Ƙafar gaba inci 21 ce, ta baya 18, kuma don rairayi da burji aka yi su. A cikin yashi a sa giya ta biyu ko ta uku, a ja jiki baya, a riƙe totur ba yankewa, a bar kan babur ya ɗan yi rawarsa, a ƙyale birkin gaba. Rage iskar taya zuwa wajen psi 15 yana taimakawa sosai, amma sai in akwai maƙallin da ke danne taya a jikin rim. In babu shi, tayar baya za ta zame a kan rim ta tsinke bakin tib.