Wa'adin da na ɗibar wa Allah

Ƙannena, ku da kuke jiran aiki bayan kun gama karatu, ko aure, ko haihuwa, ko lafiyar da ta ƙi dawowa, da ku nake. Na taɓa zaman irin wannan jira, kuma ban yi shi da kyau ba.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A lokacin jarina kaf yana kan kayan da nake ɗaukowa daga Jibiya ta hanyar Ɗan Isa zuwa nan Maraɗi, rabin jarin kuma bashi ne. Na ce mako biyu ne, a buɗe. Ba a fara buɗe wasu daga cikinsu ba sai Disamban 2020. Kafin nan rumfar da nake haya a kasuwa ta koma hannun wani, na sayar da babur, maganar aurena ta tsaya cak.

Kuskurena na farko, na ɗibar wa Allah wa'adi. Na yi azumin kwana uku, na durƙusa na ce, Ubangiji, kafin Kirsimeti. Kirsimeti ta zo ta wuce. Na ce to kafin Ista. Ita ma ta wuce. Duk ranar da wa'adin ya cika sai in ji kamar an yaudare ni, alhali ba Allah ne ya sa ranar ba, ni na sa ta. Abin da nake kira bege a wancan lokacin lissafi ne kawai, irin na ɗan kasuwa: na ba da azumi, a ba ni buɗe iyaka. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 ya riƙe Ishaku a hannu. Na san wannan tun ina ajin Lahadi, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma za a ce in jira ba.

Na biyun ya fi muni. Na daina zuwa sujada. Ba wai na bar bangaskiya ba, kunya ce. Kwanon baiko zai zo gabana ba ni da ko dala, dattijon da ke bin ni bashi kuma a benci ɗaya muke zama. In fasto ya kira ni a waya sai in ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Masu ce mini mahaƙurci mawadaci kuwa, har haushinsu nake ji. Addu'a ma na bari, don na ɗauka ba a zuwa gaban Allah da ɓacin rai. Da na buɗe Zabura ta 13 da na ga Dawuda ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu a jere, kuma ba a cire wannan kukan daga Littafi Mai Tsarki ba. Ku yi kukanku a gabansa. Shirun da na yi ne ya kusa kashe ni.

Dab da damina kawuna ya zo har ɗaki ya ce, "Ɗana, tashi ka raka ni gona." Gonar tana bayan Tsibiri. Ƙasa ta bushe, iska na kwasar rairayi. Ya tsuguna gaban wani kututturen sabara da aka sare tun shekarun baya, wanda ya fito da 'yan tsirrai kamar ashirin, sirara, ko gwiwa ba su kai ba. Ya zaɓi huɗu masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran da wuƙa, ya share ƙananan rassan na ƙasa. Na ce, "Kawu, ai wannan ya mutu." Ya ce, "Kansa aka sare. Saiwarsa tana can inda ruwa yake."

Wannan shi ne sassabin zamani da manomanmu suka sani. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a nan Maraɗi, a 1983 ya lura cewa ciyayin da ake sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Kalgo da sabarar da kuke gani yau a gonakin yankin nan, da yawansu ba dasa su aka yi ba, barin su aka yi suka tashi. Amma ba a damina ɗaya ba.

Da dare kawu ya sa na karanta masa Ayuba 14. A can Ayuba yake cewa itacen da aka sare yana da bege, da ya ji ƙanshin ruwa zai toho. Ku lura, cikin ɗaci ya faɗe ta, yana ganin itace ya fi mutum sa'a. Duk da haka bai bar magana da Allah ba, kuma bakin nan ne a sura ta 19 ya ce ya san Mai Fansarsa yana da rai. A lokacin ba a mayar masa da ko tunkiya ɗaya ba. Begenmu yana kan Yesu Almasihu da ya tashi daga matattu, kuma wannan ba ya jiran a buɗe iyaka kafin ya zama gaskiya.

Don haka in abu ya tsaya muku, kada ku sa wa Allah rana, kada kuma ku rufe ƙofa. Ku nemi mutum ɗaya a ikkilisiya, dattijo ko wata uwa a zumuntar mata, ku gaya masa gaskiyar halin da kuke ciki. Aikin da ya samu ku kama, ko kabu-kabu ne da babur ɗin haya, kamar yadda na yi daga baya.

Lahadin da na koma majami'a, bayan an tashi na bi dattijon nan har gindin bedi, na durƙusa na ce, "Baba, kuɗinka ba ni da su." Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Na sani. Wata takwas ina ajiye maka wuri a bencin nan." Bashin sai da na shekara biyu ina biya, jaka biyar biyar, rumfar kuma har yau ban sake samun ta ba.